Ɗakin Kwamfuta Da Rumfar Maƙera

 Ina gode wa Malam Edita da ya ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina a kan wani al'amari wanda da jin sa wani zai ce wasan yara ne. Ra'ayin nawa kuwa shi ne, ya kamata makarantarmu ta yarda mu ɗalibai mu zana, mu kuma ƙera da hannunmu, wani ɗan ƙarfe da ake sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi ta hanyar ruwa, a kuma gayyato maƙeran garinmu a yi aikin tare da su. Na san wasu za su ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa kwamfuta da zugazugi? To, a yi haƙuri a biyo ni sannu a hankali, in na ƙare kowa ya yanke hukunci.

Da farko bari mu san abin da muke magana a kansa. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan falle wanda faɗinsa bai fi na farcen babban yatsa da yawa ba. Shi ne ke yin dukkan lissafi, shi ya sa ake ce masa ƙwaƙwalwa. A jikinsa akwai ƙananan makunnai dubban miliyoyi, suna buɗewa suna rufewa ba hutawa, kuma duk wutar da suka ci zafi take komawa. Ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur ta yau da kullum takan ci kamar wat 65, manya kuwa sukan wuce wat 200. Wanda ya taɓa kama ƙwan lantarki irin na da, mai wat 60, bayan ya daɗe a kunne, ya san abin da nake nufi. To, a tattara wannan zafi duka a zuba shi a wuri kamar farce! Idan zafin ƙwaƙwalwar ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, in abin ya ci tura sai ta kashe kanta gaba ɗaya.

Maganin da masu kamfani suka saba yi shi ne su ɗora mata wani ƙarfen alminiyam mai haƙarƙari, su sa 'yar fanka tana hura shi. Wannan dabara tana aiki lafiya lau a ofis mai sanyi. Amma mu nan ƙasar Dambatta da Makoda da Bichi da Kunchi, wa bai san bazararmu ba? A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a ɗaki mai rufin kwano. Fankar nan iska mai zafi take hurawa a kan ƙarfe mai zafi. Kafin bazara kuma hunturu ya riga ya cika haƙarƙarin da ƙura har sun toshe. Shi ya sa muke zaune a ɗakin kwamfuta sai mu ji na'ura tana gurnani kamar injin niƙa, can sai ta ɗauke. Abin kuwa ba na wasa ba ne, gama tun daga 1978 da aka kafa hukumar JAMB ita ce ƙofar shiga jami'a, kuma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawarta. Ɗan ƙauyen da bai saba da na'urar ba ya shiga ɗakin jarrabawa da ƙafa ɗaya.

To, ina ruwa ya shigo? Malamin kimiyya ya koya mana cewa sai an ba giram ɗaya na ruwa jul 4.18 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, iska kuwa kamar jul ɗaya ya ishe ta. Ga shi kuma ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800. In aka haɗa biyun, cikin kofi ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafin da sai cikin kofi wajen 3,500 na iska zai ɗauka. Kowa ya ɗauki alƙalami ya gwada wannan lissafi: ƙwaƙwalwa mai wat 65 tana fid da jul 3,900 a minti ɗaya, lita ɗaya ta ruwa kuwa sai ta sha jul 4,180 kafin ta hau digiri ɗaya. Wato idan ƙaramin famfo yana tura lita ɗaya kacal a minti, ruwan zai kwashe zafin duka ba tare da ya ƙaru da ko digiri ɗaya cikakke ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Haka injin mota da na tarakta ke shan sanyi da ruwa da lagireto. Kamfanin IBM na Amurka ya sanyaya manyan kwamfutocinsa da ruwa tun cikin shekarun 1960. A ƙarshen shekarun 1990 kuma samari a Turai da Amurka suka riƙa haɗa nasu a gida, da famfon akwatin kiwon kifi da ƙaramin lagireton tsohuwar mota, kafin kamfanoni su ga riba su shiga sayarwa.

Ɗan ƙarfen da ke zama a kan ƙwaƙwalwar, ruwa na ratsa cikinsa, shi ne zuciyar aikin. Ni na raɗa masa suna tubalin sanyaya. Ga yadda na zana shi a littafina.

Abu na farko, zaɓen ƙarfe. Ƙarafa ba ɗaya suke ba wajen wucewa da zafi. A ma'aunin masana, azurfa tana da kamar 430, jan ƙarfe kamar 400, alminiyam kamar 237, baƙin ƙarfe kuwa kamar 80 kawai. Azurfa ta fi ƙarfin aljihunmu, saboda haka jan ƙarfe za mu nema, falle mai faɗin santimita 5 kowane gefe, kauri milimita 8. Wani zai ce me zai hana mu narkar da jar waya mu zuba, yadda ake zubin tukwane? Dalili biyu ne. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe kuwa sai 1,085. Sa'an nan ƙarfen zubi yakan fito da ƙananan ramuka a ciki waɗanda ido ba ya gani, ruwa kuwa yana ganinsu. Gara a je Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, a nemo guntun falle wanda inji ya murza. A nan ina jan kunnenmu: kada mu sayi jan ƙarfen da ba mu san asalinsa ba, don kada garin neman ilmi mu zama kasuwar masu satar wayar lantarki.

Abu na biyu, hanyar ruwa. Zafi ta fuskar ƙarfe yake shiga ruwa, saboda haka gwargwadon yawan fuskar da ruwa ya taɓa, gwargwadon sanyin da za a samu. Fili mai santimita 4 sau 4 a tsakiyar fallen yana da murabba'in santimita 16. Idan aka ɗauki zarton ƙarfe aka tsaga kwari goma a jere, kamar kunyoyin gona, kowane mai zurfin milimita 5, to kowane kwari ya kawo bango biyu, wato murabba'in santimita 4. Goma sun ba da 40, jimla 56. Ka ga an ninka fuskar sau uku da rabi da zarto kawai. A ƙasa kuma an bar kaurin milimita 3 tsakanin ruwa da ƙwaƙwalwa. In ya fi haka kauri zafi ya yi nisan tafiya, in ya fi haka siranta ƙarfen ya lanƙwashe sa'ad da aka ɗaure shi. Na kamfani suna da tsaga wadda ba ta kai rabin milimita ba, amma namu ma ya isa kwamfutar makaranta.

Abu na uku, murfi. Za a yanka farar roba mai ƙarfi, irin wadda ake hango abin da ke bayanta, a huda mata ƙofa biyu, ta shiga da ta fita, a sa zoben roba tsakaninta da jan ƙarfen, a ɗaure da noti a kusurwa huɗu. Jan ƙarfe yana da taushi da danƙo, yakan kama bakin abin huda ya karya shi, don haka sai a huda shi a hankali ana ɗiga mai.

Abu na huɗu, wanda ya fi duka wuya, shi ne gyaran gindin tubalin. Dole ya kwanta a kan ƙwaƙwalwar sumul, gama duk inda aka bar 'yar kafa iska ce za ta zauna, iska kuwa a wancan ma'auni ba ta kai ko 0.03 ba. A kwatanta da 400! Dabarar ita ce a shimfiɗa samfefa a kan gilashi, a jiƙa da ruwa, a yi ta goga ƙarfen ana juya shi, daga samfefa mai kaushi zuwa mai laushi, har ya miƙe ɗoɗar. Daga nan a shafa ɗan man nan mai launin toka da ake cike sauran kafofin da shi.

Sauran kayan su ne tiyo, da ƙaramin famfo mai cin bolt 12, da lagireto, da fanka. Akwai sharaɗi biyu. Kada a haɗa jan ƙarfe da alminiyam a hanyar ruwa ɗaya, gama ruwan zai mai da su kamar batir, alminiyam ya riƙa cinyewa har ya hude. Kada kuma a zuba ruwan rijiya, saboda gishirin da ke cikinsa zai daskare ya toshe tsagogin. Tataccen ruwa ake so, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ɗin ba.

A hutun da ya wuce na kai wa kawuna wannan zane. Shi maƙerin baƙi ne, garma da fartanya da lauje yake yi tun kafin a haife ni. Ya juya takardar, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ai aikin maƙeran fari ne, masu mundaye da zobe. Amma tsagar nan da gogar nan ba su gagare ni ba. Abin da nake so ka gaya mini, mene ne milimita uku?" Na ce, "Kawu, kamar kaurin karan ashana ne da ɗan ɗori." Ya yi dariya ya ce, "To, ashanar wane kamfani?" Wannan tambaya tasa ita ce dukkan hujjata. Kawu yana da hannu da ido da sanin halin ƙarfe, yana gane zafin wuta daga launinta, amma da tsinke da taƙi yake awo. Ni kuwa ina da lissafi da ma'auni a littafi, amma ban iya riƙe magagari ba. Garma tana yafe wa maƙeri kuskuren kaurin yatsa, tubalin sanyaya kuwa ba ya yafe kuskuren kaurin gashi. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. In aka haɗa hannunsa da lissafina, kowannenmu zai tashi da abin da bai zo da shi ba.

Yanzu bari in juya ga masu suka, gama suna da magana mai nauyi.

Na farko za su ce ruwa da lantarki ba sa ga maciji da juna, ɗigo ɗaya ya isa ya ƙone na'urar da iyaye suka tara kuɗi aka saya. Gaskiya ne ƙwarai. Shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a haɗa komai a waje, a kunna famfo shi kaɗai ya wuni ya kwana, da farar takarda a ƙarƙashin kowace mahaɗa, sai an ga ba ko ɗigo sa'an nan a kusanci kwamfuta. Kuma ba sababbin na'urori nake roƙo ba, tsohuwa ɗaya daga cikin waɗanda aka jingine a lungu ta isa. Ai a ɗakin gwaje-gwaje ma muna taɓa asid da wuta, ba a rufe ɗakin ba, ƙa'ida aka kafa.

Na biyu za su ce wahalar banza ce, a kakkaɓe ƙura, a sake man da ya bushe, a sayi sabuwar fanka a Titin Beirut, magana ta ƙare. Wannan ma na yarda da rabinsa. Yawancin kwamfutocinmu shara kawai suke bukata, rigakafi kuwa ya fi magani, kuma ina ganin ya kamata kowane zango a ware rana ɗaya ta wannan aiki. Haka kuma kwamfutar cinya ba ta karɓar irin wannan tubali. Sai dai ni ba arha nake nema ba. Wanda ya sayi fanka ya sami fanka. Wanda ya ƙera tubali kuwa ya koyi zane, da awo, da lissafin zafi, da halin ƙarafa, da haƙuri, ga kuma tubalin a hannunsa. Darussan da muke haddacewa don jarrabawa mu manta, a nan za mu gan su da ido, gani kuwa ya kori ji.

Na uku, masu zurfin tunani za su ce ai lagireto da iskar ɗaki yake sanyaya ruwa, in ɗakin yana digiri 40 ruwan ba zai taɓa sauka ƙasa da 40 ba. Haka ne, kuma a nan ne muke da abin da samarin Turai ba su da shi, wato randa. Kowace uwa a ƙauyenmu ta san ruwan randa ya fi iskar ɗaki sanyi, saboda yana tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, bushewar kuwa tana tafiya da zafi. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Dutse ta Jihar Jigawa, wadda take cikin Jihar Kano har zuwa 1991, da wannan sani ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, tumatir da yalo suka riƙa daɗewa ba su lalace ba. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex a kan wannan aiki, duniya ta san shi. To, me zai hana mu naɗe bututun jan ƙarfe mu nutsa shi cikin randa a maimakon lagireto, tataccen ruwa na zagayawa a cikin bututun, na randa na sanyaya shi daga waje? Da bazara, lokacin da iska ta bushe ƙayau, a nan randa ta fi aiki, a nan kuma muka fi bukata. Da damina aikinta zai ragu, kuma sai a lura kada tiyo ya yi gumi ya ɗiga. Ko dabarar za ta ci, ko randa nawa ake bukata, ma'aunin zafi ne zai raba gardama. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na huɗu shi ne wanda ba a faɗa a fili. Wasu iyaye, a gafarce ni, suna ganin sun sa ɗansu boko ne don ya rabu da toka da baƙin hannu, ƙira kuwa ta 'ya'yan maƙera ce. Ranku ya daɗe, a duba tarihi. Masu bincike sun tono alamun narkar da tama a Dutsen Dala waɗanda suka kai wajen ƙarni na 7, kuma labarin kaka da kakanni ya ce maƙera ne daga Gaya suka fara zama a wurin suna neman tama. Wato da masaba aka kafa Kano. A duba kuma halin da muke ciki. Ƙasarmu a cike take, gida na kallon gida, gona na jingine da gona, ba sauran daji. Gonar da kakana ya noma shi kaɗai an raba ta gado, in aka sake rabawa a kanmu kowa zai tashi da abin da bai fi filin ƙwallo ba. Aikin ofis kuwa bai isa kowa ba. Yaron da ya iya awo da ƙira zai gyara famfon ban ruwa a Madatsar Tomas ko ta Watari, ya gyara injin niƙa, ya harhaɗa sola, ya ci abinci a garinsu ba sai ya tafi ci-rani ba.

Magabatanmu sun hango wannan. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda suka fid da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Daga 1982 aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 da nufin kowane yaro ya taɓa aikin hannu, aka shigo da injuna daga ƙasashen waje, amma a wurare da yawa suka tsufa cikin akwatunansu don rashin wuta da rashin masu koyarwa. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne, kada mu zauna jiran babban inji. Mu fara da zarto da magagari da gilashi da samfefa, waɗanda ba sa bukatar wuta. In mun kai inda hannu ya gaza, ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha a Bichi, malamanmu sa iya nema mana alfarma mu je mu ga yadda inji ke sassaƙa ƙarfe.

Saboda haka ga roƙona a taƙaice. Ina roƙon Shugaban Makaranta ya ba ƙungiyar 'yan kimiyya tsohuwar kwamfuta ɗaya, da yammacin rana ɗaya a mako. Ina roƙon ƙungiyar iyaye da malamai ta saya mana guntun jan ƙarfe, da famfo, da ma'aunin kauri, da ma'aunin zafi. Ina roƙon a aika wa Sarkin Maƙera da goro, a gayyato shi da girmamawa irin wadda ake yi wa kowane malami, a kuma biya shi ladan lokacinsa. 'Yan'uwana mata kuma kada su ce ba da su ba, gama zane da lissafi da awo ba su san namiji ko mace ba, sanin randa kuwa a wajenku za mu tambaya. Mu kuma ɗalibai mu yi alkawarin rubuta kowane awo a littafi, zafin ƙwaƙwalwa da fanka, da zafinta da ruwa, da zafinta da randa, mu kawo sakamakon a buga a wannan mujalla baɗi, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙarfe kuma da zafinsa ake bugunsa. Wanda yake da ra'ayi saɓanin nawa, ga fili ga mai doki, Malam Edita ba zai hana shi shafi ba. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa wa iyayenmu da malamanmu albarka, amin.